Sunaye 600 daga na'ura: da wanne za a fara?

Ɗana, na ga tambayarka. Ka ce ka liƙa wa furotin ɗin bairos alama, ka janyo shi daga cikin sel, ka daddatsa abin da ya biyo shi da tirifsin, sinadarin da ke yanka furotin, sai na'urar mas-sifek, mai gane furotin ta hanyar auna nauyin gutsattsarinsa, ta ba ka sunayen furotin mutum sama da 600. Kana son sanin ko duk waɗannan bairos yake kamawa, da kuma wanda za ka fara bi.

Ba duka ba ne, ko kusa. Koma ka jefa, ita kuwa koma tana fitowa da kifi, tana fitowa da ciyawa da laka. Duba saman jerin naka, na tabbata za ka ga keratin, aktin, tubulin, HSP70 da furotin na ribosom. Keratin ɗin nan daga fatarka da gashinka ya faɗa, don haka kada hannunka ya rabu da safa. Sauran kuwa yawa gare su a cikin sel, suna manne wa 'yan duwatsun da ke kama alamar, waɗanda kake janyowa da su, ko da babu bairos a wurin. Saboda irinsu aka kafa rumbun CRAPome a 2013, wato ma'ajiyar sunayen furotin da ke yawan gurɓata irin wannan gwaji, ka je ka duba sunayen jerin naka a ciki.

Abin da ban gani ba a takardarka shi ne gwajin kwatance. Ka sa wa GFP, furotin mai koren haske da ba ruwansa da bairos, irin alamar nan, a irin sel ɗin, a rana ɗaya, ka janyo shi kamar yadda ka janyo na bairos. Ka maimaita duka sau uku, kowanne da sel ɗin da ka raina daban. Sannan ka bar manhajar SAINT ko MiST, masu ware haɗuwar gaske daga tarkace, su tace. A 2020 ɗakin binciken Nevan Krogan a San Faransisko ya yi wannan aiki da furotin 26 cikin 29 na bairos ɗin korona, bayan tacewa aka tsaya a kan haɗuwa 332 tsakanin furotin bairos da na mutum. Ka raba ka gani, kusan 13 ke nan ga kowane furotin. Naka guda ɗaya ba zai riƙe 600 ba.

Ko bayan tacewar ma aiki bai ƙare ba, kuma nan ne nake so ka natsu. Tun 2002 aka gano cewa sel ɗinmu na da furotin APOBEC3G, mai lalata kwayoyin gadon HIV, shi kuma bairos yana da furotin Vif da ke sa a rushe APOBEC3G ɗin. Shekaru aka yi ana fama da Vif a ɗakin gwaji, ya ƙi zama yadda ake so, domin akwai abokin aikinsa da ba a sani ba. A 2012 jerin haɗuwa 497 tsakanin furotin HIV da na mutum ya fito da sunan CBF-beta, furotin mutum da ya zama shi ne abokin aikin. Suna ɗaya ne a cikin ɗaruruwa. Abin da ya ba shi daraja shi ne da aka rage shi a cikin sel, Vif ya kasa rushe APOBEC3G yadda ya saba. Wannan gwajin ne ya mai da suna ya zama ilimi, kuma shi ya sa har yau nake son wannan sana'a.

Ka kuma tuna furotin ɗaya ka cusa da yawa a cikin HEK293T, sel ɗin da asalinsa daga ƙoda yake. Bairos mai rai a cikin huhu ko hanta yana iya yin wani abu daban, don haka kada ka rubuta fiye da abin da gwajinka ya nuna.

Idan kwatancen ya fito, zaɓi biyar da suka bayyana a duka ukun kuma babu su a GFP. Juya gwajin: janyo furotin mutum ka ga ko na bairos zai biyo shi. Wanda ya tsallake, ka rage shi da siRNA, mai hana sel ƙera shi, ko ka cire shi da CRISPR, mai yanke kwayar gadonsa. Kawo mini hoton jel ɗin da ka rarraba furotin a kai mu duba tare kafin ka nemi wani lokaci a kan na'ura.