Tambaya da Amsa: An ce za a iya sa wa Baba inji bayan aikin zuciya

TAMBAYA: Salam Likita, ya aiki ya haƙuri da mu. Dan Allah babanmu ne za a yi wa aikin zuciya a nan Legas, an ce jijiyoyin zuciyarsa uku sun toshe, toh da likitan ya kira yayanmu ya sa hannu sai ya ce wai zuciyar Baba ta yi rauni, akwai yiwuwar bayan an gama su sa masa wani inji mai balan-balan ya taimake ta na 'yan kwanaki. Wallahi tun ranar Mama ba ta iya bacci, don wasu a unguwa sun ce mata duk wanda aka jona wa inji ai ya riga ya tafi, kuɗi kawai ake ci. Gaskiya ne? Daga wata 'yar uwa a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ki fara gaya wa Mama ta kwantar da hankalinta, maganar 'yan unguwa ba haka take ba, kuma ni likitan nan ma burge ni ya yi da ya faɗa muku tun kafin a shiga tiyata, ba sai kun leƙa ɗaki kun ga wayoyi kun rikice ba.

Kin ga a irin wannan aikin yawanci tsayar da zuciyar ake yi gaba ɗaya, wani babban inji ya karɓi aikinta da na huhu har a gama ɗinki (tun 1953 ake amfani da shi, John Gibbon ne ya fara cin nasara da shi a Amurka, mu kuma a Najeriya an fara buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974). In an gama sai a tashe ta. Toh zuciyar da dama can ta gaji, ga tsayarwa ga yanka, wani lokacin sai ta tashi da kasala ta kasa tura jinin da jiki ke buƙata, wanda a babban mutum yana kai wajen lita 5 a minti ɗaya, kuma in jini ya yi ƙaranci ƙoda ce da ƙwaƙwalwa ke fara shan wahala. Nan ne ake kawo mata agaji.

Shi mai balan-balan ɗin ga yadda yake. Wani siririn bututu ne ake zurawa ta jijiyar matsematsi, a tura shi sama har cikin babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, a bakinsa akwai doguwar balan-balan mai cin iska kamar mililita 40. Injin yana bin bugun zuciyar Baba ɗaya bayan ɗaya, da zuciya ta saki sai ya hura balan-balan ɗin da iskar hiliyom, jini ya koma cikin jijiyoyin da ke ciyar da ita kanta zuciyar, tana shirin matsawa kuma sai ya tsotse iskar fit, hanya ta buɗe ta tura jini ba wahala. Kamar ɗan dako ne a kasuwar Mile 12 da buhun albasa ya fi ƙarfinsa wani ya tallafa masa ta baya, kayan na kansa har yanzu, shi ke tafiya. Ma'ana in zuciyar ba ta bugawa injin nan ba abin da zai iya, wannan kaɗai ya isa amsa ga masu cewa ya riga ya tafi. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1967 Adrian Kantrowitz ya fara sa wa marar lafiya a New York.

Akwai waɗanda suka fi shi ƙarfi, tunda shi abin da yake ƙarawa bai cika wuce rabin lita zuwa lita ɗaya a minti ba. Akwai Impella, ɗan mitsitsin famfo da ake zurawa har cikin zuciyar ya riƙa zuƙo jini yana fitarwa, babbansa na kai lita 5 da rabi. Akwai kuma ECMO mai fito da jini waje ya sa masa iskar shaƙa ya mayar, wannan na wanda abin ya yi tsanani ne sosai. Duka biyun tsada gare su ba kaɗan ba kuma ba kowane asibiti ke da su ba.

Ba zan ɓoye miki ba, abin na da nasa haɗarin. Bututun na iya tare jinin da ke sauka ƙafa, ana iya zubar da jini saboda maganin tsinka jini da ake bayarwa, ga ƙwayoyin cuta in ya daɗe, shi ya sa likitoci ba sa son ya wuce 'yan kwanaki. Za ki ga nas na yawan taɓa bayan ƙafar Baba tana neman bugu, ba iyayi ba ne. Ke ma in an bar ki kin shiga ki lura, in ƙafar ta yi sanyi ko ta canza launi ko ya ce tana masa ciwo, ki yi magana nan take. Kuma dan Allah kar tausayi ya sa wani ya lanƙwasa masa wannan ƙafar ko ya zaunar da shi don ya ji daɗi, mu Hausawa akwai son gyara wa marar lafiya kwanciya, a nan a miƙe ake son ta. Sallah ma a kwance zai yi da ishara.

Cirewa a hankali ake yi, daga taimako a kowane bugu a koma ɗaya cikin biyu, sannan ɗaya cikin uku, in hawan jininsa da fitsarinsa sun tsaya daidai sai a zare, a danne wurin sosai har jini ya tsaya.

Kafin ranar aikin yayanku ya koma ya tambayi likitan: injin na nan a asibitin ko sai an aro, kuɗinsa na cikin lissafin da aka ba ku ko daban ne, kuma leda nawa na jini ake so. Ku tara masu ba da jinin tun yanzu, kar sai dare ya yi a fara buga waya Idi-Araba da Alaba Rago ana neman ɗan uwa ga go-sulo.

TAMBAYA: Likita in an ɗauke wuta fa mutum na kan irin wannan injin? Daga wani mai karatu a Obalende.

AMSA: Tambayar ɗan Najeriya kenan! Injinan na da batir a jikinsu da ke karɓa nan take, da shi ne ma ake gungura marar lafiya daga tiyata zuwa ɗakin kulawa ta musamman ba a kashe ba. Amma batir na ɗan lokaci ne, dole asibitin ya kasance da janareta tsayayye, kuma ba laifi ba ne ka tambaya kafin ka sa hannu.