Tambaya da Amsa: Wane ne shugaban Laberiya na farko?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Musu ne ya kaure mana a teburin mai shayi nan Bauchi Road a Jos, wani ya ce wai tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa akwai ƙasar Afirka da ke zaɓen shugaban ƙasa, ni kuma na ce ina! Dan Allah a raba mana gardama. Daga ɗalibinku a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. To sai dai ka yi haƙuri, abokin musunka ne da gaskiya. Ƙasar ita ce Laberiya, mutumin kuma Joseph Jenkins Roberts, an rantsar da shi a Janairun 1848, lokacin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ne ke kan gado a Sakkwato, garin Jos ma bai kafu ba.

A Norfolk ta jihar Bajiniya a Amurka aka haife shi a 1809, ɗa ne ba bawa ba, amma ka san baƙin mutum a can wancan zamanin ko yana da 'yanci a takure yake. A 1829 ya shigo jirgin ruwa da mahaifiyarsa da ƙannensa suka sauka Monrobiya, babban birnin Laberiya, ya kama fatauci, manja da hauren giwa yake turawa waje, har ya yi kuɗi ya yi suna. Da gwamna Thomas Buchanan ya mutu a 1841 shi ya gaje shi, baƙar fata na farko a kujerar.

Ni inda ya fi burge ni shi ne yadda aka yi ƙasar ta samu 'yanci, wallahi rigimar kuɗin kwastan ce. Wata ƙungiya ce ta Amurkawa ke riƙe da wurin ba gwamnati ba, sai 'yan kasuwar Ingila suka ce su fa ba za su biya haraji ga ƙungiya ba, shi kuma Roberts ɗan kasuwa ne ya san in ba kuɗin tashar ruwa to ba abin da za a riƙe gari da shi, shi ya sa ya tsaya kai da fata har aka shelanta 'yanci ranar 26 ga Yuli 1847. Ya tashi takanas ya je Turai neman a amince da su, Ingila ta amince a 1848, amma Amurka inda aka haife shi sai 1862 zamanin shugabanta Abraham Lincoln.

Ya sauka a 1856 ya koma shugabancin Kwalejin Laberiya. Bayan an tumɓuke shugaban ƙasa Edward Roye a 1871 kan wani bashi da aka ciwo daga Ingila, aka sake dawo da Roberts kan mulki daga 1872 zuwa 1876, ya rasu a Fabrairun shekarar. Babban filin jirgin saman ƙasar sunansa yake ɗauke da shi.

Sai dai in ka koma teburin nan ka faɗa musu zaɓen ba na kowa ba ne. Waɗanda suka dawo daga Amurka da 'ya'yansu su ke zaɓe su ke mulki, ƙabilun Kru da Grebo da Vai da aka tarar a ƙasar an bar su a gefe, sai 1904 aka ba su matsayin 'yan ƙasa. Wannan abin yana min ciwo gaskiya, mutanen da suka gudo wa wariya su zo su yi wa masu gida irinta, kuma haka mulki ya zauna a hannunsu har juyin mulkin Samuel Doe a 1980.