Baffanmu Ya Ce Gwajin Sikila Shirme Ne

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi wa ƙanwata da manemin aurenta gwajin jini, sakamako ya nuna dukansu biyu AS ne. Baffanmu, wanda shi ne waliyyinta, ya ce wannan shirmen 'yan boko ne, domin shi da matarsa ba su taɓa yin gwaji ba, ga 'ya'yansu nan lafiya ƙalau. Duk sanda na yi masa bayani sai mu kwashe ba daɗi, har ya ce ba ni da kunya. Yaya zan ɓullo masa? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da Baffa ya faɗa game da gidansa gaskiya ne, kuma daga nan ya kamata ki soma. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya ne ke ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da suna da ciwon ba, wato AS, saboda haka yawancin auren da aka yi ba tare da gwaji ba bai haɗa AS biyu ba. Idan kika amince masa da wannan a fili, kin rage masa dalilin kare kansa, sannan ki tambaye shi cikin ladabi: "Baffa, idan shi AS ne ita ma AS ce, me kuke ganin zai faru?" Amsar da zai bayar ita za ta nuna miki inda gizo ke saƙa.

Sau da yawa ruɗanin daga rukunin jini yake, wato O da A da B, wanda ake dubawa idan za a yi wa mutum ƙarin jini, alhali shi daban ne da AA, AS da SS da gwajin sikila ke nunawa. Wasu kuma sun ji an ce "ɗaya cikin huɗu", sai suka ɗauka cewa idan aka haifi 'ya'ya huɗu ɗaya ne kaɗai zai kamu. Idan iyaye biyu AS ne, lissafin a kan kowane ciki yake: kashi 25 cikin 100 SS, wato mai ciwon sikila, kashi 50 AS, kashi 25 AA, kuma cikin da ya wuce ba ya rage wa na gaba komai. Shi ya sa ake samun gida guda da masu amosanin jini, wato sikila, uku a jere.

Amma a ganina wurin da kike maganar ya fi hujjarki yi miki illa. Dattijon da 'yar ƙaninsa ta ƙure shi a gaban matarsa da 'ya'yansa ba zai sauko ba, ko da zuciyarsa ta gamsu. Ki same shi shi kaɗai, ko ki bi ta hannun gwaggonku, ko limamin da yake jin maganarsa. Idan da hali, a raka shi ya ji daga bakin likita a asibitin masu sikila, inda zai ga yaro yana murƙususu saboda ciwon ƙashi, idanunsa sun yi ɗorawa, uwarsa na neman wanda zai ba da jini.

Idan ya kawo batun ƙaddara, kada ki yi gardamar addini da shi da kanki. Malami zai tuna masa cewa Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham sa'ad da ya ji annoba ta ɓarke, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Ki sani kuma cewa a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano, har da na sikila. Kada ki soma da ita, domin zai ɗauke ta barazana. Idan ya kafe bayan duk wannan, ki daina musu da shi, ki mayar da hankali ga ƙanwarki da mahaifinku, tun da ita za ta yi jinyar, kuma sai da yardarta za a ɗaura auren.