Bashin otal ɗin killace a Ingila: dole ne sai na biya?

Wani ɗan uwa da ke karatu a Ingila ya turo tambaya, ya ce ya zo gida Kano hutu, ya koma a Disambar 2021 daidai lokacin da aka sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka ja wa jan layi saboda Omicron, wani nau'in cutar korona, aka killace shi a otal, bai da kuɗin biya a take sai aka amince ya riƙa biya wata-wata, ya biya kaɗan ya tsaya, yanzu kuma masu karɓar bashi sun turo masa takarda. Yana son sanin ko dole ne ya biya tunda dokar ko kwana goma ba ta yi a kan 'yan Najeriya ba.

To malam, gaskiya bashin nan yana kanka. An sa Najeriya a jerin ranar 6 ga Disamba 2021, aka cire ta ranar 15, amma cirewar ba ta goge kuɗin waɗanda suka riga suka shiga otal ba. Kuɗin a lokacin fam 2,285 ne ga babba ɗaya. Ni ma ina ganin tsarin ya zalunci mutane da yawa musamman ɗalibai, sai dai waɗanda suka kai ƙara babbar kotun Landan a kan killacewar ba su yi nasara ba, don haka kar ka ɗora fatanka a kan wannan hanyar.

Abin da zai amfane ka shi ne lissafi. Rubuta musu ka nemi cikakken bayanin yadda aka kai ga adadin da suke nema, kwana nawa aka caje ka, nawa ka riga ka biya, kuma in kana cikin waɗanda aka sallama kafin kwana goman su cika a duba ko an cire kuɗin kwanakin da ba ka yi ba. Nemo imel ɗin kama ɗakinka na CTM, kamfanin da ake kama ɗakin killacewar ta hannunsa, da takardar banki ka ajiye.

Sai maganar rangwame. Wanda aka tabbatar yana cikin matsanancin ƙunci ana iya rage masa ko a yafe, amma a lokacin ake nema kuma da hujja, shi kuma keɓewa saboda rashin lafiya tun kafin tafiya ake neman sa, yanzu ya wuce. Duk da haka har yau kana iya tura musu jadawalin abin da ke shigo maka da abin da ke fita, haya, abinci, kuɗin mota, ka ce ga abin da zan iya duk wata, ka roƙe su su dakata. Ƙungiyoyin ba da shawara irin su Citizens Advice da StepChange suna taya mutum shirya wannan ba ko sisi.

Na san wasu za su ce maka ka yi shiru bashi yana mutuwa bayan shekara 6. Dokar ƙayyade lokaci ta 1980 ta ce haka a Ingila, amma naka ba zai cika ba kafin Disambar 2027, kuma duk biyan da ka yi ko amsa bashin a rubuce yana maida lissafin farko. In suka riga ka zuwa kotu aka yanke maka CCJ, wato hukuncin kotu na cewa ana bin ka bashi, zai zauna a sunanka shekara 6 sai dai in ka biya duka cikin wata ɗaya, kuma ran da za ka kama haya ko ka karɓi waya a kan kwantiragi shi za a fara gani.

Duba takardar da kyau, in gargaɗin zuwa kotu ce kwana 30 gare ka ka amsa daga ranar da ke jikinta. Ka amsa a rubuce, kar ka tsaya a kiran waya, kuma kafin ka sa hannu a komai ka nuna wa mai ba da shawara a can.