Filin Tambaya da Amsa: Lexus ES 350, ta wace shekara zan saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gajiya, ya aiki. Ni ma'aikaci ne a nan Samaru, shekara tara kenan ina jan Corolla kuma wallahi bata taɓa bani kunya ba, amma yanzu girma ya zo, iyali sun ƙaru, ga shi kusan duk sati sai na shiga Kaduna, shine nake so in koma Lexus ES 350. Na zagaya wajen dillalai na ga guda uku, 2008 da 2011 da 2013. Kuɗin hannuna zai sayi ta 2008 har da canji, ta 2011 sai na matse, ta 2013 kuwa sai na sayar da ɗan filina na Hayin Dogo na cika. Abokina yace duk injinsu ɗaya ne in ɗauki mai araha kawai, ƙanina kuma yace 2013 ce ake yayi. Don Allah a bani shawara. Baban Khadija, Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam Baban Khadija, ba gajiya. Tun farko dai ka bar filin nan a inda yake, ka ɗauki ta 2011, amma sai ka tabbatar 2011 ɗin ce da gaske, don a nan ake yanka mutane.

Abokinka bai yi ƙarya ba, duka ukun inji ɗaya ne, V6 mai lita 3.5 da ake kira 2GR-FE, shi ne dai a cikin Camry V6 da Avalon da Highlander da Sienna da RX 350, shi yasa kayan gyaransa basa wahala, abin da baka samu a Sabon Gari ba za ka samu a Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Kuma tayimin ɗinsa sarƙa ce, ba bel ba irin na ES 330 ta 2004 zuwa 2006. To amma inji ɗaya ba shi ne mota ɗaya ba. Samfurin da ya fara daga 2007 ya ƙare a 2012, 'yan farkonsa ne suka sha gwaji. A 2007 da 2008 akwai wani bututun baƙin mai da ke bayan inji wanda tsakiyarsa roba ce, in ta tsufa tana fashewa ba sallama, kana tafe tsakanin Jaji da Maraban Jos mai ya tsiyaye ƙaf, kafin fitilar mai ta ankarar da kai inji ya riga ya ji jiki. Kamfanin da kansa ya kira motocin a Amurka aka canza, daga baya ma aka koma na ƙarfe zalla, amma wa ya tabbatar maka wadda ke gabanka an kai ta? Sannan dashbod ɗinsu yana narkewa, ka taɓa shi ka ji yana danƙo kamar an shafa zuma, ya dinga ƙyalli yana haske maka gilas da rana. Wannan fa a can Amurka ne ya fara, ina ga motar da za ta wuni a fake cikin ranar watan Afrilu a Zariya. 'Yan 2007 kuma an san giyarsu da wani ɗan zamewa tsakanin ta uku da ta huɗu, musamman da safe inji bai ɗau zafi ba.

Ba wai na ce duk ta 2008 matacciya ba ce, akwai masu lafiya garau, in bakanike ya leƙa ya ga bututun na ƙarfe ne ai an kashe babbar magana. Sai dai mota ce da ta haura shekara goma sha biyar, robobin ƙafa, shoka, famfon ruwa, kwamfiresan AC, duk lokacinsu ya yi, canjin da kake murnar zai rage maka a gareji zai ƙare. Araha bata ado.

A 2010 aka yi mata kwaskwarima, sabuwar fuska, fitilun baya daban, sigina a jikin madubi. Daga 2011 kuma aka daidaita injin ya sha fetur na gama-gari maimakon mai tsadar da ake so a ba na baya, ƙarfin doki ya sauko daga 272 zuwa 268, abin da ko a mafarki ba za ka ji bambancinsa ba, kuma ga wanda ke shan mai duk gidan man da ya tarar ba layi, ai wannan ba ƙaramin abu bane. Shi yasa ni 2011 da 2012 nake nuna wa mutane.

Ta 2013 kyakkyawa ce, ba musu. Sabon samfuri ne, an ɗora ta a kan ƙirar Avalon maimakon Camry, bayanta da faɗi, su Khadija za su miƙe ƙafa. Amma injin nan ne dai da giya shida. Fili guda kan fuska da wajen miƙe ƙafa? Ka gaya wa ƙaninka in yana so ya cika maka.

Yanzu ga inda na ce ana yanka mutane. Ana ɗaukar 2007 ko 2008 a canza mata bamba da fitilu da madubi a fesa fenti, ta fito tsaf kamar 2012, su dillalai afgired suke ce masa. Kwanaki na raka wani ɗan uwana duba wata, dillali har da rantsuwa wai 2012 ce kai tsaye daga Amurka, ta sha wanka tana ƙamshin turare. Na je kusurwar gilas ɗin gaba ta ɓangaren direba, na goge ƙura da gefen hannun riga, na ɗora yatsa kan lambar shasi ina ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Lambar guda 17 ce, ta goma ita ce shekara. Na tarar da 8. Na kira shi na ce Alhaji zo ka ƙirga da kanka, sai ya fara ai Malam ba shekara ake hawa ba lafiya ake hawa. To ka riƙe wannan, 7 da 8 da 9 su ne 2007 zuwa 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013. Taka sai ka ga B. Ka buɗe ƙofar direba akwai takarda manne a jikin ginshiƙi mai wata da shekarar ƙira, lambar da ke kanta ta zo daidai da ta gilas da ta takardun kwastam. In ka ga ƙarshen 2010 a takardar kada ka tsorata, haka suke yi, suna fara ƙera motar shekara tun kafin shekarar ta kama.

Ka biya a duba maka tarihinta a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motocin Amurka, da lambar nan, don da yawa daga motocin da ke shigowa a gwanjon Copart aka saye su, wasu haɗari suka yi, wasu ambaliya ta ci, kamar ta guguwar Harvey da ta nutsar da Houston a 2017. Mai haɗari fanbita ya gyara ana iya zama da ita, mai ruwa kam a'a, wayoyinta za su yi ta ruɓewa a hankali riwaya ya zama abokinka na dole. Ɗaga kafet ka shinshina, leƙa ƙarafunan ƙarƙashin kujera, ciro safaya ka shafa ramin ko akwai yashi. Ka ce za ka zo da sassafe kuma kar kowa ya tayar da ita kafin ka iso, ka zo da bakanikenka da na'urar sikanin, ba wanda dillali zai kira maka ba. Ku hau ta daga Kwangila zuwa Shika ku dawo AC a kunne, ka saurari ƙafa a kan bam.

In ka saya, baƙin man da aka rubuta a murfin inji shi za ka zuba, man giya kuma Toyota WS, kada wani ya ce duk ja ne. Kar ka yarda a cire mata tamostat a haɗa fanka darekt wai don zafin Arewa. Kuma tun da aka cire tallafi a 29 ga Mayun 2023 ka san yadda mai yake, V6 ba Corolla ba ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Da ni ne, in da hali, Corollar ba zan sayar ba, ita za ta dinga kai yara makaranta da cefanen kasuwar Samaru, Lexus ɗin a bar ta wa hanyar Kaduna da ɗaurin aure. A gaida su Khadija.