Sanyin Winnipeg ya shigo har ɗaka: mu canza tagogi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun sayi tsohon gida a Winnipeg ta ƙasar Kanada, ginin shekarun 1950. Tagoginsa 11 na katako ne, yawancinsu gilashi falle ɗaya. Hunturun bara kuɗin gas ya ɗaga mana hankali, yara ma ba sa iya zama kusa da taga. Wani kamfani ya ce mu canza su duka mu riƙa biya a hankali, wai ragin da za mu samu a kuɗin gas shi zai biya aikin. Mu amince? Daga wata uwa a Winnipeg.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sanya albarka a gidan. Kada ku sa hannu a takardar nan tukuna.

Gaskiya ne taga na zubar da zafi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na makamashin ɗumama gida da sanyaya shi ta taga yake salwanta. Amma ki lura, ragowar kashi 70 ɗin ta rufi da bango da ƙasan gida da ƙananan kafofi yake fita. Ko an sa sababbin tagogi, wani kaso na abin da ke salwanta ta taga kawai za ku ceto, kuma sau da yawa sai an yi shekaru ashirin ko fiye kafin ragin ya mayar da kuɗin. Idan kuma biyan a hankalin akwai kuɗin ruwa a ciki, lissafin ya ƙara nisa, ga kuma abin da ke cikinsa ta fuskar addini.

Ga abin da zan so ku fara yi. Ranar da ake iska, ki kunna turaren tsinke ki bi gefen kowace taga da ƙofa a hankali. Duk inda hayaƙin ya karkace, nan ɓarawon yake. A toshe da silikon, a liƙa robar da ake sa wa bakin taga, a kuma manna ledar nan mai haske da ake ɗamewa da na'urar busar da gashi. Aikin yini ɗaya ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma a daren za ku ji bambanci. Bayan haka ku kira mai bincike mai rajista na EnerGuide, wato tsarin gwamnatin Kanada na auna yadda gida ke cin makamashi. Zai kafa babbar fanka a bakin ƙofa ya auna iskar da gidan ke yoyo, ya faɗa muku inda kuɗinku zai fi amfani. A gida mai waɗannan shekaru, sau da yawa ƙara abin tare zafi a saman silin ya fi sabuwar taga riba.

Ban ce kada a canza ko ɗaya ba. Ki danna katakon firam da sukudireba. Wanda ya nutse ya ruɓe, gyara ba zai yi masa ba. Haka ɗakin yara, inda ƙanƙara ke daskarewa a jikin gilashi ta ciki. Lafiyarsu da barcinsu ba a auna su da takardar gas. A fara da waɗannan, uku ko huɗu, sauran su jira baɗi.

Wajen saye, a garin da sanyin Janairu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, ku nemi mai gilashi falle uku, da iskar agon mai rage fitar zafi a tsakani, da shafen Low-E mai mayar da zafi cikin ɗaki. Ku duba lambar U-factor, ma'aunin zafin da taga ke zubarwa, a takardar da ke manne jikin tagar: ƙanƙantarta ita ce kyanta. Gilashi falle ɗaya yana kusan 5.8, alhali tambarin ENERGY STAR na Kanada, shaidar kaya masu tsimin makamashi, yana neman 1.22 ko ƙasa da haka, ko kuma makin ER (makin tsimin makamashin taga gaba ɗaya) 34 zuwa sama. Ku karɓi farashi daga kamfani uku, ku tuntuɓi Efficiency Manitoba, hukumar tsimin makamashi ta lardinku, kan tallafi kafin a fara aiki. Ku tsaya a kan mai sawa, don taga mai tsada da aka bar wa kafa a gefe asara ce. Kuma tsohon fenti irin na gidanku kan ƙunshi dalma, don haka a fitar da yara lokacin ɓamɓara.

Tambaya: Tagata mai falle biyu ta yi hazo a tsakiya, gogewa ba ta fitar da shi. Sai na sayi sabuwa? Daga wani ɗalibi a Calgary.

Amsa: A'a ɗan'uwa. Liƙin da ke gefen gilasan ne ya saki, danshi ya shiga. Muddin firam ɗin na da ƙwari, mai aikin gilashi zai auna ya sauya gilasan kaɗai da kuɗi kaɗan. Idan haya kake yi, sanar da mai gidan a rubuce, gyaran nasa ne.