Anti, in fita daga guruf ɗin nan ne ko in zauna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Ni dai abubuwa sun min yawa, ga aiki ga yara ga mahaifiyata a kwance ni kaɗai ke jinyarta, kuma duk wanda na buɗe baki zan gaya wa sai ya ce ki yi haƙuri kowa da nasa, shikenan magana ta mutu. To sai na shiga wani guruf a Facebook na masu jinyar iyayensu, wallahi ranar da na fara rubuta abin da ke raina sai da na yi kuka saboda yadda suka amsa min. Amma yanzu sai in kai biyun dare ina karanta matsalolin mutane, in tashi zuciyata ta fi da nauyi, kuma yayata ta ce wai sirrin gida nake tonawa a gaban baƙi. In fita ne ko in zauna?
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba Mama lafiya ya ba ki ladan jinya. Ki zauna, amma ba irin zaman da kike yi yanzu ba.

Kukan nan da kika yi ranar farko ba rauni ba ne, kin dai samu waɗanda ba sai kin yi musu dogon bayani ba. Wadda ta taɓa juya mara lafiya da tsakar dare ta canza zanin gado sannan ta wuce aiki da safe ido ja, ita ce za ki ce wa "yau na ji haushin Mama kuma ina jin kunyar kaina" ta gane nan take ba tare da ta ɗauke ki marar tarbiyya ba. Kuma wannan dabara ta girmi intanet, tun 1935 wasu mutum biyu a Amurka da giya ta fi ƙarfinsu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka lura cewa hira da wanda ke cikin irin halinka tana riƙe mutum, daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta masu neman daina shan giya ta samo asali. Shi kansa kaɗaici ba ƙaramin abu ba ne, a 2023 babban likitan gwamnatin Amurka Vivek Murthy ya fitar da gargaɗi cewa illar rashin cuɗanya da mutane ga lafiya tana iya kai ta shan sigari 15 a rana.

To amma maganar biyun daren nan ita ta fi tsaya min a rai. Damuwa tana yaɗuwa tsakanin mutane ko da ta waya ne. A 2012 kamfanin Facebook ya yi wani gwaji na sati ɗaya a kan mutum kusan 689,000 ba da saninsu ba, aka rage wa wasu fostin masu daɗi a shafinsu, sai aka ga su ma abin da suke rubutawa ya ɗan karkata zuwa ɓacin rai. Tasirin ƙarami ne, kuma da abin ya fito fili a 2014 kamfanin ya sha suka sosai, amma ke fa ba fostin aka rage miki ba, ke ce da ƙafarki kike shiga ɗakin da kowa ke kuka ki kwana a ciki. Akwai kuma wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Amanda Rose, da ta nuna a 2002 cewa ƙawayen da kullum hirarsu ita ce juya matsala ɗaya ana maimaitawa, shaƙuwarsu tana ƙaruwa, amma damuwa da fargaba ma suna tafiya tare da ita. Kin ga ke nan daɗin da kike ji da nauyin da kike tashi da shi duk daga tushe ɗaya suke.

Abin da zan ce ki yi, ki riƙa lura da kanki bayan kin ajiye wayar. In kin ji sanyi a ranki ko kin samu wata dabara, misali yadda ake hana gyambon da doguwar kwanciya ke jawo wa mara lafiya, to guruf ɗin ya yi aikinsa. In kuwa kin fito da matsalar mutum goma a kan taki, ki kashe sanarwar guruf ɗin, ki sa masa lokaci da rana, ki shiga ki faɗi naki ki amsa wa mutum ɗaya ko biyu ki fita. Ba dole ba ne ki karanta komai, ba ke ce admin ba.

Yayarki kuma tana da gaskiya ta wani ɓangaren. Kar ki sa hoton Mama ko sunanta ko takardun asibiti, duk abin da kika rubuta wani na iya ɗaukar sikirinshot ya tura inda ba ki zata ba. Ko da kin yi fostin ɓoye suna a Facebook, admin suna ganin ko ke wace ce, a guruf ɗin WhatsApp kuwa lambarki ma a fili take. Sannan ki yi hattara da masu binki ta inbos, wani magani zai tallata miki wani kuma tausayin ƙarya ne da wata manufa, bulok kawai, babu dogon zance. Kuma kar ki canza wa Mama magani don wata ta ce ya yi wa tata aiki.

Sai abin da guruf ba zai iya ba. In kin kai sati biyu kusan kullum cikin ƙunci, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, abin da kike so da duk ya fita a ranki, to wannan likita za ki gani, kuma ba abin kunya ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 280 ke fama da ciwon damuwa a 2019. In kuwa tunanin gara mutuwa ko cutar da kanki ya fara zuwa, kar ki tsaya jiran amsa a waya, ki gaya wa wani na kusa a ranar ku tafi asibiti.

Ita kuma yayar taki, tunda ta damu da sirrin gida, ki zaunar da ita ki gaya mata abin da kike gaya wa baƙin, sannan ki roƙe ta abu takamaimai, ta karɓi kwanan jinya biyu a sati ki samu ki yi barci.